Buzu Ɗaya a Zaurena

Aikin da na ci abinci da shi tun ina saurayi shi ne gyaran injin ruwa. Shi ya kai ni Agadas, ya kai ni Sabha, ya zaunar da ni Jidda shekaru masu yawa. A ƙarshe, bayan furfura ta riga ta cika mini gemu, wani kamfanin haƙa rijiyoyi ya ɗauke ni zuwa ƙasar Kurdawa da ke arewacin Iraƙi. A hanya na tsinci Larabci da Faransanci, Fulatanci kuwa tun a gida na koye shi wajen kakata. Kurdanci kaɗan na iya, daidai na gaisuwa da neman sifana da yabon shayi.

Ina can masu baƙar tuta suka taso, mutanen nan da ke yanka Musulmi da wanda ba Musulmi ba suna kabbara. Yawancin abokan aikina suka gudu. Ni na tsaya, ba don jarumta ba, sai don injin da na kafa a wani ƙauye a gindin dutse shi ne kaɗai ke ba mutanen wurin ruwa, kuma ba wanda ya san halinsa sai ni.

Kurdawan da ke riƙe da makamai a wannan yanki ba ƙungiya ɗaya ba ce. Akwai waɗanda nake kira mutanen gari, masu buje da ɗamara mai faɗi, akwai kuma mutanen dutse, waɗanda har mata ke ɗaukar bindiga a cikinsu. Kafin zuwana sun taɓa zubar da jinin juna. Mai shayin da nake zama wurinsa ya gaya mini mutanen dutse ne suka kashe yayansa, ya faɗa yana zuba wa ɗaya daga cikinsu shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Da masu baƙar tuta suka matso, sai ƙungiyoyin biyu suka tsare gaba ɗaya, waɗannan daga gabas da ƙauyen, waɗancan daga yamma, dukansu suna shan ruwan injina.

Abu biyu na gani a wurinsu da suka zauna mini a rai. Na farko, ranar da shugabanninsu za su gana a gidan dattijon ƙauyen, ina tsakar gida ina gyaran famfo, na ga dattijon ya fito da kujera a kansa, ita kaɗai ce a ɗakin baƙinsa, ya kai ta bayan garken awaki ya ajiye. Na tambaye shi da Larabci ko ta karye ne. Ya ce lafiyarta ƙalau, amma mutum biyu za su shigo. Na yi dariya na ci gaba da aikina. Na biyu, duk shingen da na ratsa, sai in ga mutum ɗaya da kayansa suka bambanta da na sauran, yana zaune da waya a hannu. A shingen mutanen gari akwai ɗan dutse, a na mutanen dutse akwai ɗan gari. Ba ya ba da umarni, ba a kuma ba shi. Aikinsa kawai idan an ga motsi, ya kira nasa ya tambaya, ku ne ko ba ku ba ne.

Na dawo gida na zauna a Sabon Garin Gusau, na ce na huta. Garinmu na asali kuwa yana bayan Wanke, ƙaramin gari a bakin wani rafi. A ƙetaren rafin akwai wani gari, kuma fadamar da ke tsakani ita ce gonakinmu da nasu, kunya na jingine da kunya. A nan ƙanwata take noman dawa tun rasuwar mijinta, da ita da matan 'ya'yanta da jikoki.

Mutanen daji, 'yan bindigar da ke fitowa kan babura, sun sa wannan fadama a gaba. A shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labarinta, dawa ta nuna ba a yanke ta ba. Tsuntsaye suka ci rabi, sauran aka sa mata wuta. Ƙanwata ta zo Gusau ta same ni da damina ta ja baya, ta zauna a bakin ƙofa ba ta ko cire mayafi ba.

Ta ce, "Yaya, na sake shukawa, kuma ta yi kyau. Amma in bana ma ba a yanke ba, in kwashe ɗiyan nan in taho. Ka nema muna ko kango ne."

Na san kangayen da take nufi. Na ga mutanen wajen Bungudu da na Tsafe a cikinsu, manoma masu rumbuna a da, suna zaune a gine-ginen da ba a rufa ba. Na kuma san ba ta taɓa kwana uku a jere nesa da kabarin mijinta ba. Na ce ta ba ni mako biyu.

Abin haushin shi ne kowane gari yana da mafarautansa masu sintiri, da sanin hakimi, kuma ba ragwaye ba ne. Namu suna ƙarƙashin Sarkin Dawa, na ƙetare suna ƙarƙashin Sarkin Baka. Amma ba sa fita tare. Tun zamanin iyayenmu aka yi wata farauta ta haɗin gwiwa aka kashe gwanki. A al'ada, wanda kibiyarsa ta fara shiga shi ke da cinya, wanda naman ya faɗi a ƙasarsa shi ke da kai. Mutanen ƙetare suka ɗauke cinya suka ɗauke kai. Aka yi faɗa, wani ya rasa ido. Tun daga ranar maharbin garinmu ba ya cin abincin maharbin ƙetare, shi ma haka, domin kowa ya yarda cewa abincin ɗaya yana karya maganin ɗaya. Na sha yin mamakin wannan. Kurdawa sun kashe juna amma suna shan shayi a kofi ɗaya. Mu ba a taɓa kashe kowa ba, amma ko ruwa ba a miƙa wa juna.

Mutanen daji sun gane haka sarai. Idan suka zo ta wajenmu, na ƙetare su ji harbi su ce ba tasu ba ce. Idan suka zo ta can, namu su yi haka. Mafi muni, wata safiya a waccan kaka namu suka hango mutane da bindigogi a cikin kyauro, suka buɗe wuta. Ashe 'yan sintirin ƙetare ne. Harsashi ya sami ƙanen Sarkin Baka a cinya, mutum magidanci mai shekara hamsin da wani abu. Ya warke, amma da ɗingishi. Mutanen garinmu har suna cewa a ɓoye, cinyar gwanki ce ta dawo.

Sarkin Dawa taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ba abin da ba ma gaya wa juna. Na je na same shi yana shafa wa bindigarsa mai a inuwar rumbu.

Ya ce, "A'a, Alhajin famfo! An gaji da cin shinkafar birni?"

Na ce, "Na zo in ga maharbin da ke harbin maƙwabta yana barin ɓarayi."

Ya ce, "Kai dai da bakinka za a rufe ka. Mi ka zo da shi?"

Na ba shi labarin Kurdawa, da shingayensu da mutumin da ke zaune da waya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To su Kurdawan nan naka, an taɓa ɗauke musu kan gwanki?" Na ce abin da aka ɗauke musu ya fi kan gwanki. Sai ya ce in Sarkin Baka zai zo, shi ma zai zo, amma ba zai taka ƙetare ba. Na haye rafi na sami Sarkin Baka, dattijo siriri mara yawan magana. Shi ma ya ce ba zai taka garinmu ba. Sai na ce su zo gidana a Gusau, ba ƙasar kowa ba ce.

A nan na yi kuskuren da har yau idan na tuna nake jin kunya. A zaurena akwai tabarmi, akwai kuma buzu ɗaya, fari, na ragon da na yanka shekarar da na dawo. Sarkin Baka ya riga isowa. Baƙo ne, bai taɓa shiga gidana ba, kuma ya girme ni. Hannuna da kansa ya jawo buzun ya shimfiɗa masa, kamar yadda kowane ɗan halas zai yi. Ko tunani ban yi ba. Can sai ga taubashina ya yi sallama. Ya tsaya a bakin zaure, ya dubi buzu, ya dubi tabarmar da ta rage masa, ya dube ni.

Ya ce, "Ashe naɗi anka yi ba a gaya muna ba."

Na ce, "Haba, shigo ka zauna, kai ai ɗan gida ne."

Ya ce, "Garinmu ya girmi nasu da sarki bakwai. Kai kanka ka sani. Sun ɗauke kai, sun ɗauke cinya, yau kuma ɗan gwaggona ya ba su buzu."

Ko takalmi bai cire ba. Ya juya ya nufi tasha. Sarkin Baka ya shanye ruwan da ya zo da shi a goransa, ya yi mini godiya, ya ce ai ya san haka za a yi, shi ma ya tafi. Na zauna ni kaɗai ina kallon buzun, sai dattijon nan na ƙasar Kurdawa ya faɗo mini a rai, da kujerarsa a ka yana nufar garken awaki. Shekaru ina ba da labarinsa a matsayin abin dariya, sai ranar na gane abin da na gani. Matata ta leƙo ta ga tuwon da ta yi ba a taɓa ba, ta ce, "Duk yawon duniyar nan da ka yi, ba ka san mafarauta ba sa cin tuwon wani ba, ba ka kuma san buzu ɗaya gare ka ba?" Na naɗe buzun na kai ɗaki.

Mako ɗaya ya tafi a haka, dawa kuwa ba ta jira. Na koma garinmu na sami taubashina. Ban yi masa wasa ba wannan karon. Na ce na yi laifi, kuma na san laifin da na yi. Na ce ya zo bakin rafi, kan yashin tsakiya inda ruwa ya janye, ba tabarma ba buzu, kowa ya zauna kan abin da Allah ya shimfiɗa.

Ya ce, "Wa za ya fara isa?"

Na ce tare za su sauko, ni zan tsaya a tsakiya in ɗaga hula.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Tsohon banza. To ka ɗaga ta da kyau, idona ba shi gani nesa."

Haka aka yi, da hantsi, ranar Laraba. Na ɗaga hula, dattawa biyu suka gangaro daga gaɓa biyu, kowanne yana satar kallon ɗaya don kada ya riga shi ko a riga shi. Muka zauna kan yashi mai sanyi. Ban yi maganar sulhu ba, ban ambaci gwanki ba. Na ce ba wanda zai shiga ƙarƙashin wani. Namu su tsare kudu da fadama, na ƙetare su tsare arewa, kamar yadda ake raba kunya ranar gayya. Ba wanda zai bi kowa cikin daji, ba kuma wanda zai taɓa rugar Fulanin da ke gefen tsauni, domin su ma an kwashe musu shanu, na je na ji daga bakinsu da harshensu. Abu ɗaya kawai nake roƙo: kowane ɓangare ya ba ɗaya mutum guda, na jikinsa, ya wuni tare da su da waya a hannu.

Sarkin Baka ya ce, "Don mi sai na jiki?"

Na ce, "Don in Sarkin Dawa ya kira ka ya ce kar ka harba, za ka tsaya tunani. In ƙanenka ya kira ka, ba za ka tsaya ba."

Ya daɗe yana zane a yashi da tsinke. Sannan ya ce zai ba da ƙanensa, mai ɗingishin. Na ga fuskar taubashina ta canza, domin cikin yaransa ne aka yi harbin. Sarkin Baka ya ce, "Shi za ya fi kowa lura da inda bakin bindigarku ke kallo." Taubashina ya haɗiye wannan, ya ce shi zai ba da babban ɗansa, mai mata biyu da 'ya'ya takwas. Sai maganar abinci ta taso, kamar yadda na zata. Aka yanke cewa kowa ya zo da goran furarsa daga gida, kada a yi wa kowa tayi, kada kowa ya ji haushin rashin tayin.

Aka fara yankan dawa ranar Asabar, garuruwan biyu a rana ɗaya, abin da ban taɓa gani ba tun ina yaro. Ni ba ni da ƙarfin lauje, sai na zauna a gefen gonar ƙanwata ina taya ta ɗaurin dami. Daga inda nake ina hango 'yan sintirinmu a gindin wata kanya, da mai ɗingishi a zaune ɗan nesa da su, goransa a tsakanin ƙafafu. Kwana uku ba wanda ya ce masa komai bayan sallama. Waya ba ta samuwa a fadamar sai an hau wani suri, saboda haka duk bayan ɗan lokaci sai ya ja ƙafarsa ya hau, ya yi magana da yayansa, ya sauko.

A rana ta huɗu, rana ta ɗaga sosai, sai na ga namu sun miƙe gaba ɗaya. Kyauron da ke bakin rafi yana motsi, ga kawunan mutane, ga bakin bindigogi, daidai wurin da aka yi harbin bara. Wani cikin namu ya riga ya durƙusa ya saita. Mata suka zubar da lauje suka kwanta cikin kara. Mai ɗingishi ya ruga zuwa surin, ban san yana iya gudu haka ba, har ya yi fatali da goransa furar ta malale.

Daga saman surin ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Kak ku harba! Namu ne! Sun ji ƙugin babura daga yamma, sun zagayo su tare mashigi!"

Taubashina ya danne bakin bindigar wancan da tafin hannunsa. Sai a sannan muka ji ƙugin mu ma. Mai ɗingishi bai sauko ba, ya ci gaba da magana a waya, yana gaya wa yayansa inda namu za su kwanta, yana gaya wa namu inda na ƙetare suka kwanta. Baburan suka fito daga cikin sabara, kowanne da mutum biyu ko uku. Da suka kusa mashigin, bindigogi suka tashi daga kudu da arewa a lokaci guda. Sun saba su tarar da gari ɗaya. Na ga na gabansu ya taka birki har babur ɗinsa ya juya, suka yi harbi sama-sama, suka koma ta inda suka fito. Ba a kashe kowa ba, ba a kuma bi su ba. Ƙanwata ta tashi daga cikin kara, ta karkaɗe zaninta, ta ce da matan 'ya'yanta, "To mi kuke jira? Ku ɗauki lauje."

Da azahar ta yi, mai ɗingishi yana zaune yana haki, leɓensa ya bushe, goransa a fashe. Na ga taubashina ya daɗe yana kallonsa. Sai ya tura nasa goran da ƙafa har ya kai kusa da mutumin, ya kau da kai yana kallon sama.

Ya ce, "Ni ban yi wa kowa tayi ba. Ajiye shi na yi."

Mai ɗingishi ya dubi goran. Ya ce, "In na sha, maganina ya karye."

Taubashina ya ce, "Wane magani? Wanda munka harbe ka kana ɗauke da shi?"

Sai mai ɗingishi ya fashe da dariya, har yana dukan cinyar tasa. Ya ɗaga goran ya sha da yawa, ya goge baki, ya ce furar garinmu ba ta da yaji, matanmu rowar citta gare su.

Kwana tara aka yi ana yanka. Mutanen daji ba su sake gwada mashigin ba a wannan kaka. Ba zan ce garuruwan sun zama ɗaya ba. Har yanzu idan aka ambaci gwanki a gaban dattawan nan biyu sai an raba su, kuma Sarkin Baka bai taɓa sa abincin garinmu a baki ba. Kurdawan ma, ina jin labarinsu a rediyo, da masu baƙar tuta suka ja baya sun koma jayayyarsu. Amma ƙauyen nan na gindin dutse bai faɗi ba, mai shayin ya aiko mini da gaisuwa bayan shekaru ta bakin wani direba. Mu ma duk kaka ana musayar mutum, ba sai na ɗaga hula ba.

Ƙanwata ba ta zo Gusau ba sai bayan sallah, kuma ziyara ta zo, da buhun dawa a bayan mota. Ta shiga zaurena ta tsaya tana dube-dube, ta ce, "Yaya, ina farin buzun nan naka?" Na ce yana ɗaki, ina sallah a kansa. Ta zauna kan tabarma ta fara ba ni labarin rumbun da za ta sake ginawa, domin tsohon bai ɗauke dawar ba.